Idon Rashida

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Matameye ya sha furata, ko da bai san fuskata ba. Sunana Hauwa, amma an daɗe da mantawa da shi. Goggo mai fura ake ce mini tun haƙorana suna cike. Ba labarina na zauna in bayar ba, na Rashida ne, ɗiyar ƙanena Cha'ibu. Sai dai wallahi duk ta inda na juya labarin nan, sai in iske hannuna dumu-dumu a ciki.

Rashida ɗiyar fari ce. Uwarta Balki ko sunanta ba ta iya kamawa don kunya, saboda haka ana yaye ta aka miƙo mini ita riƙo, ni da Allah bai ba haihuwa ba. Ubanta kuwa irin mazan unguwarmu ne: da an gama ɗaurin gero an rufe rumbu, sai ya rataya jaka ya nufi Kano ci-rani, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗowa. Rabin shekara unguwar tamu ta mata ce da tsofaffi da awaki.

Yarinyar nan da ido ta zo duniya. In allura ta faɗi cikin rairayi ita ake kira. Tana shekara bakwai na ɗora mata ƙwaryar fura. Da safe ta tafi lakwal, wato makarantar boko, in ta dawo ta ɗauki talla. To kun san yadda gidajenmu suke. Namiji, ko shi wane ne, zaure ne iyakarsa, ya yi sallama ya tsaya a aiko masa. 'Yar talla kuwa babu labulen da ke tare ta. Ta shiga tsakar gida, ta leƙa madafa, wani lokaci har ƙuryar ɗaki ake kiranta a ce ta dama da kanta. Ba wanda ke ɓoye mata komai, don ba a fara lissafa ta cikin mutane ba tukuna.

In ta dawo ta sauke ƙwarya, kafin ma ta sha ruwa, sai in ce, "To, 'yar gidan Goggo, me kika gano yau?"

Ita kuma ta tanƙwashe ƙafa ta fara zubo mini. Gidan wane yau kwana uku ba a ɗora tukunya ba sai kunu. Wance ta daina shan fura mai yaji, tana ta tofar da yawu bayan randa, lalle ciki ne. Wance ta yi sabon zanen gado, amma katifar tsohuwa ce aka lulluɓe. Ni kuwa in yi ta dariya har da riƙe ciki, in ce, "Kai, Rashida, Allah ya shirye ki!" in zaɓo mata curin da ya fi kowanne laushi. Shekara tara muna haka. Ban taɓa ɗaukar maganar wani gida na kai wani ba, wannan kam ko a gaban wa zan rantse. Daɗin ji kawai nake yi. Amma ni na koya mata cewa abin da ta gani abin kawowa ne, kuma ana samun lada a kansa.

Shekarar da aka rufe iyakar da ke tsakaninmu da Kano tana da shekara goma sha shida. Rufewar ta rutsa da mazanmu da yawa a can. Motoci suka tsaya, kaya suka yi tsada, gari ya cika da ji-ta-ji-ta, wai ana shigo da kaza, wai akwai 'yan leƙen asiri. Cikin wannan ruɗani wasu samari suka ɓullo a unguwarmu da jile, 'yar riga mara hannu ruwan ɗorawa, da usur a wuya, suka ce sunansu 'Yan Ido. Ban san wanda ya kafa su ba. In ka tambaya sai a ce maka daga sama ne, kuma har yau ban gamu da wanda ya taɓa ganin saman nan ba. Shugabansu Nasiru, wanda jiya-jiya muke jin muryarsa a tasha yana ihun "Damagaram! Saura mutum ɗaya!" Yau ga shi da kaye da bik, littafin rubutu da biro ke nan, wai Shef.

Suka kafa doka. Duk wanda ya shigo daga ƙetare ta hanyar daji, sai ya yi kwana uku a tsohuwar mangaza, wato siton gyaɗa, ana yi masa tambayoyi kafin ya taka gidansa. Gidan da ya ɓoye mutum a shafa wa ƙofarsa jan fenti, kada kowa ya saya, kada kowa ya sayar musu. Mutane suka koma magana ƙasa-ƙasa. Rediyo sai a kara shi a kunne. Ko "ina labari?" ka ce wa mutum, sai ya ƙare maka kallo tukuna ya ce sai alheri.

Abu ɗaya ya gagari Nasiru, shi ne zaure. Ya taɓa gwada kutsawa gidan Malam Lawwali, matan gidan suka yo masa ca da taɓare, ya fito ya bar hularsa a can. Daga nan ne shaiɗan ya nuna masa 'yan talla.

Wata rana Rashida ta dawo, ta ɗaga faifan ƙwarya, sai ga jile a ninke da 'yar salula mai maɓalli.

"Goggo, Shef ya ce ina da basira. Ya ce irina ake nema."

Na ce, "Nasirun tasha ne Shef?"

Ta ɓata rai. "Goggo, ki daina faɗar haka, wani zai ji. Kujera fa ya ba ni na zauna. Madmazel Rashida yake ce mini."

Ku gane halin da take ciki. A shekarar ta faɗi jarrabawar brebe, ta gama ƙaramar sakandare, da ɗan kaɗan, ubanta ya bugo daga Kano ya ce karatun ya isa haka. Tun da aka haife ta babu babban da ya taɓa ba ta kujera ya ce mene ne ra'ayinki. Ga shi yau an ce wannan idon nata, da kowa ke kira sa-ido, aiki ne na kare gari. Jilen ba sa shi za ta yi ba, a gida zai zauna. Aikinta ta ci gaba da tallarta kamar kullum, ta shiga, ta gani, ta faɗa.

Abin da ya kamata in yi na san shi sarai: in ɗauki salular nan in jefa rijiya, in kai jilen in watsa wa Nasiru a fuska. Ban yi ba. Tun daga makon nan ba a sake buga mana ƙofa ba. In na fita sayen gero ranar kasuwa, 'Yan Ido da ke tare mutane suna bincikar buhuna sai su ce, "A bar Goggo ta wuce." Ni da na tsufa ana ture ni a layi! Na ji daɗi. Da kunya nake faɗa, amma na ji daɗi.

Da farko ƙananan abubuwa ta kai. Ta ga sabulun Kano sabo fil a wani gida, ta ga buta biyu a jiƙe a gidan da aka ce mace ɗaya ce. Mutum biyu aka kama ta dalilinta, suka yi kwana ukunsu suka fito a rame suna Allah ya isa, amma da ƙafafunsu. Ta ce mini, "Kin gani ko, Goggo? Ba a yi musu komai." Matan unguwa kuwa suka shiga zargin juna, maƙwabciya ta daina aron rariya wurin maƙwabciya. Ba wanda ya kawo 'yar fura a ransa.

Gida na huɗu daga namu shi ne gidan Maryam mai kitso. Tun kan Rashida bai fi ƙoƙo ba Maryam ke yi mata kitso, ba ta taɓa karɓar komai ba, sai dai ta ce a kawo mata fura mai laushi. Inna Maryam take ce mata. Mijinta Yahaya ga-ruwa yake yi a Kano, shekara ashirin yana tura kura, mutum ne mai ɗan ɗingishi da ƙafar hagu, mara hayaniya. In ya dawo da damina, ko alewa ce sai ya tsarabo wa Rashida. A shekarar mun ji cewa tari ya kama shi, amma hanya a rufe, ba wanda ya san iyakar abin.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum. Rashida ta shiga gidan da hantsi. Maryam ta tare ta a tsakar gida, ba ta bari ta ƙarasa inuwar ɗaki ba, ta sayi curi biyu maimakon ɗaya, ta ce a zaɓa mata mara yaji. Ashe Yahaya ya dawo a ɓoye. Ta saki labule, ta ɓoye jakarsa, ta share sawun amalanken da ya kawo shi a ƙarƙashin kara. Abu ɗaya ta manta. Wa ke shiga ɗaki da takalmi? Mutumin nan, duk da ciwon da ke cinsa, da ya zo bakin ƙofa sai ya tuɓe takalminsa kamar yadda ya saba, ita kuma idonta ya saba ganinsu a wurin har ba ta gan su ba. Baƙaƙen takalman roba ne, dunduniyar na hagu ta cinye ta gefe ɗaya.

Maryam ta bi idon yarinyar ta ga inda ya sauka. Ba ta roƙe ta ba. Cewa kawai ta yi, "Rashida, ke 'yar gida ce."

Wurina ta fara zuwa. Wannan shi ne abin da ke hana ni sakat har yau. Ta sauke ƙwarya, ban ko tambaye ta ba ta ce, "Goggo, Baba Yahaya ya dawo."

Ina tsaye ina kirɓa fura a turmi. Kalma uku ta isa: ki yi shiru. Kun san me na ce? Na ce, "Allah sarki! Kin gan shi? Ya rame?" Kamar kullum, kamar labarin katifa. Ta ce ba ta gan shi ba, takalminsa ta gani. Na ga ta tsaya tana juya salula a hannu. Na san mako biyu ba ta kai komai ba, na san Nasiru ya ce in ba ta iyawa zai karɓi jilen ya ba Mas'uda mai tallar ƙosai. Na gani, na kawar da kai, na ci gaba da kirɓi. Ta zagaya bayan rumbu, na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

Da ta fito ta ce, "Kwana uku ne kawai, Goggo. Shef ya ce har likita za su kira masa."

Bayan la'asar suka zo, su biyar. Suka tsaya a zaure, Nasiru ya yi sallama ya ce a fito da wanda ya shigo. Maryam na jin muryarsu ta wawuri takalman ta jefa cikin rumbu, ta zo bayan labulen zaure ta ce babu kowa a gidan sai ita da Allah. Duk muna ji, don katangun unguwarmu ba sa riƙe magana.

Sai Nasiru ya buɗe kayensa ya ɗaga murya, yana jin daɗin kansa: "To baƙin takalmin roba da ke ƙofar ɗakin gabas, wanda dunduniyar hagu ta cinye, na wane ne? Curi biyu mara yaji kuma wa zai sha?"

 Ba macen da ba ta gane ba a take. Mutum ɗaya ne ya shiga gidan nan a ranar, kuma mutum ɗaya ne ya san yawan curi. Wawan ya tona ta a bainar jama'a, bai ma san ya yi ba.

Yahaya da kansa ya fito, don kada su shigar masa kan iyali. Na leƙa ta kan katanga na gan shi. Wallahi ban gane shi ba sai da ɗingishin. Ƙashi da fata, yana dafa bango, ƙafarsa babu takalmi a kan rairayin da rana ta dafa tun safe. Ya ce, "Ga ni, 'ya'yana. Mu je." Ko ɗaya daga cikinsu bai iya kallon fuskarsa ba, amma suka tafi da shi.

Mangazar rufin kwano ce, ba taga. Likitan da aka ce ba a kira ba. Maryam ta kai fura aka ce a ajiye a ƙofa. Kwana na biyu da azahar aka dawo da shi a kan amalanke, an rufe shi da tabarma.

Na zaci za a zo a zage mu, har na so a zo. Ba wanda ya zo. Na je gaisuwa na zauna cikin mata, aka amsa mini lafiya lau, aka matsa aka ba ni wuri mai faɗi, faɗin da ya yi yawa. Rashida ta yi kwana bakwai ba ta fita ba. Jilen ta cusa a murhu, ya narke ya cika mana gida da wari. Rana ta takwas na ce ta ɗauki talla, don ba mu da wani abinci sai furar nan.

Gidan farko ta sa kai za ta shiga kamar yadda ta saba, sai tsohuwar gidan ta tare ta a zaure ta ce, "Tsaya nan, a kawo miki kwano." Gida na biyu haka, na uku haka. Ba wanda ya haɗa baki da wani, kuma ba wanda ya daina sayen furar. Sun dai mayar da ita namiji. Ta yi sallama, ta tsaya a zaure inda mai gyaran rediyo da mai sayen fata ke tsayawa, a miƙo kwano ta bayan labule. Yarinyar da ta girma a tsakar gidajen nan, ta san inda kowace mace ke ajiye gishirinta. Ta dawo ta sauke ƙwarya ta zauna, ni ma na zauna, ban tambaye ta me ta gano ba.

Da aka buɗe iyaka 'Yan Ido suka watse kamar ba a yi su ba. Nasiru ma da kansa ya rataya jaka ya tafi ci-rani. Yau in ka tambaya, babu wanda ya taɓa sa jile a unguwarmu. Kowa yana gona a lokacin. Rashida kaɗai ce ba ta da inda za ta ce tana. Kanta ya yi wata huɗu ba kitso, ba don an hana ta ba, ita ce ba ta iya zuwa ta sa kanta a cinyar kowa. Ni kuma hannuna na kirɓi ne, in na kama gashi sai ta yi ƙwalla. Sai ta riƙa ɗaure shi tamau da ɗankwali.

Ranar da Maryam ta fita takaba, washegari da safe ta aiko a ce Rashida ta zo. Yarinyar ta ƙi motsawa daga inda take zaune. Na ce tashi, tare za mu. Muka isa, ta tsaya a zaure ta yi sallama. Daga ciki Maryam ta ce, "Shigo mana. Yaushe kika fara tsayawa a nan?"

Ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ga kibiya ga man kitso. Ta ce, "Cire ɗankwalin. Kai, dubi kai kamar sheƙar tsuntsu! Zauna." Rashida ta zauna tsakanin ƙafafunta kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Sai da ta zauna na lura da inda aka juyar da fuskarta. Ɗakin gabas take kallo, kuma takalman suna nan a bakin ƙofa, an wanke su, an jera su. Mai kitso kuwa in ta riƙe kai ba ya juyawa.

Maryam ta taje, ta tsaga, ta fara kitsawa a hankali, ba ta ja ko sau ɗaya da mugunta ba. Hawaye na zuba a cinyar Rashida, ba ta da halin sharewa. Sai da aka kai rabi Maryam ta yi magana, muryarta kamar mai ba da labarin kasuwa.

"Likitan Kano ne ya ce masa ya koma gida, babu sauran magani. Kwana huɗu ya yi a hanya don ya mutu a ɗakinsa. Kwana ɗaya ya samu." Ta ɗebo mai ta shafa a tsagar. "Ba cewa na yi ki ɓoye shi har abada ba, Rashida. Da kin bar mini shi kwana uku, da ya isa."

Rashida ta ce, "Inna." Ni ce na kasa daurewa. Na ce, "Maryam, don Allah ki ɗora mini. Yarinya ce. Ni na koya mata. Tun tana shekara bakwai nake tambayarta abin da ta gano a gidajenku, kuma ranar nan ni ta fara gaya wa, ban hana ta ba."

Na ɗauka wani babban asiri na fasa. Maryam ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Na sani, Goggo," in ji ta. "Duk unguwa an sani. Ai muna jin dariyarki ta katanga."

Ta ƙarasa kitson, ta ɗaure ƙarshensa, ta dafa kan ta ce, "Tashi, ya yi." Muka fito muka nufi gida.

Yanzu Rashida tana da shekara goma sha tara. Ta bar talla, tana koyon ɗinki a bakin kasuwa, an ce hannunta yana da kyau, ba ta taɓa kuskuren awo. In tana tafiya ƙasa take kallo. Duk bayan mako biyu takan je gidan Maryam kitso, nan ne kaɗai gidan da take wuce zaure a unguwar nan, kuma takalman suna inda suke. In ta dawo takan gaishe ni ta shige ɗaki. Wani lokaci tsohon hali yakan taso mini, in ji tambayar nan ta zo har bakina, sai in ɗauki taɓarya in ci gaba da kirɓi.